Zuwa Ketchikan a lokacin kifin salmon: wane wata, kuma me za a tarar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Seattle, ni da maiɗakina muna son mu yi amfani da hutun bazara mu je Alaska mu ga lokacin kamun kifin salmon. Wani aboki ya ce mu je garin Ketchikan. Wane wata ya fi? Baƙo zai iya kama kifi da kansa? Me ya kamata mu shirya?

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka bai ɓatar da kai ba. Karatuna a kan kifi da sha'anin su ne, kuma na yi bazara da dama a kudu maso gabashin Alaska ina aikin ƙidayar kifi a bakin rafuka, don haka zan faɗa maka abin da na sani da abin da zan yi da ni ne a matsayinka.

Da farko ka cire wa ranka cewa akwai wata rana guda ko mako guda da ake kira lokacin salmon, irin yadda ake sa ranar gasar Argungu a buga bindiga kowa ya faɗa ruwa. Abin ya fi kama da kaka. Gero ya fara nuna, sannan dawa, sannan wake, kowa da lokacinsa. Salmon na tekun Fasifik iri biyar ne a Alaska, kowanne yana shigowa gaɓa a watansa, tun daga Mayu har ƙarshen Satumba. Ranar da ka sayi tikiti ita za ta yanke irin kifin da za ka tarar, da yawan ruwan saman da zai dake ka, har da warin da garin zai yi maka maraba da shi.

Sai ka san abin da kifin yake yi kafin kalandar ta yi maka ma'ana. A rafin ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, cikin tsakuwa. Ya gangara teku yana ƙarami, ya yi shekara ɗaya zuwa biyar ko fiye yana kiwo a can, gwargwadon irinsa, sannan ya juyo ya nufi rafin da aka haife shi. Masana sun tabbatar da ƙamshin ruwan yake gane rafinsa idan ya matso kusa. Da ya shiga ruwan daɗi ya daina cin abinci ke nan. Kitsen jikinsa yake ƙonawa yana haurawa, launinsa na azurfa ya juye ja ko baƙi-baƙi, bakin namiji ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Macen ta haƙa rami a tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya barbare su, ta rufe. Bayan kwanaki kaɗan duk su mutu, babu wanda yake komawa teku. Wannan ya sa kifin da ake ci shi ne wanda aka kama a ruwan gishiri ko a bakin rafi yana sheƙi. Wanda ka gani ya yi duhu yana jan jiki a rafi na kallo ne, namansa ya riga ya saki.

Na farkon zuwa shi ne wanda suke kira king, wato sarki, ko Chinook. Daga Mayu zuwa Yuli, ya fi yawa a Yuni. Shi ne mafi girma da maiƙo. Mafi nauyi da aka taɓa kamawa da fatsa an kama shi a kogin Kenai a 1985, kilo 44. Kada wannan ya ruɗe ka, yau wanda ya samu mai kilo 10 sai ya yi ta ɗaukar hoto. Sarki ya ragu a koguna da yawa kuma jikinsa ya ƙanƙance, shi ya sa dokarsa ta fi ta kowa tsauri. A ruwan gishirin wannan yanki dole tsawonsa ya kai inci 28 kafin a riƙe shi, baƙo yana da adadin da ba zai wuce ba a shekara, kuma a shekarun nan an sha hana riƙe shi a ruwayen kusa da Ketchikan har zuwa tsakiyar Yuni, don a kare na kogin Unuk da maƙwabtansa.

A Yuli sockeye yake zuwa, mai jan nama sosai. Ba ya son cizon ƙugiya, rabon masu raga ne, kai a faranti za ka haɗu da shi. Chum ma yana shigowa a tsakiyar bazara, ana ce masa kifin kare, ƙwansa ya fi namansa daraja a kasuwar Japan. Daga tsakiyar Yuli har cikin Agusta sai pink ya cika ko'ina. Shi ne ƙarami, bai cika wuce kilo 2 ba, namijinsa yana yin tozo a baya idan ya shiga rafi. Shekara biyu cif yake rayuwa, kuma shi ne ya gina Ketchikan, don shi ake zubawa a gwangwani. Na ƙarshe coho ne, wanda suke kira silver, daga Agusta zuwa Satumba. Kilo 4 zuwa 5, mai faɗa, yana tsalle sama da ruwa idan ƙugiya ta kama shi. Ga wanda bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, ban san kifin da ya fi shi sa mutum ihu ba.

To, da ni ne kai, mako na biyu ko na uku na Agusta zan je. A lokacin rafin da ya ratsa tsakiyar gari ya cika da pink har bayansu na fitowa saman ruwa, coho ya fara shigowa teku, beyar, wato manyan dabbobin dajin nan masu gashi da farata da Turawa suke kira bear, suna bakin rafuka, kuma ruwan sama mai tsanani bai kankama ba. Wanda ya je a Yuni zai samu rana mai tsawo da ƙarancin ruwan sama da damar sarki, amma zai leƙa rafi ya ga kusan wayam, ya ce an yaudare shi. Wanda ya kai tsakiyar Satumba kuma zai ga gawar kifi birjik a gaɓa, tsuntsaye na ta yaga, wari ya cika unguwa. Ni ina son wannan lokacin, don a nan ake ganin yadda kifi yake ciyar da daji: dabbobi su ja gawar cikin kurmi, ta ruɓe ta zama taki ga itatuwa. Amma ba zan kai amarya ba.

Maganar hanya. Ketchikan tana kan tsibirin Revillagigedo, mutanenta wajen 8,000, kuma babu titin mota da ya haɗa ta da ko'ina. Daga Seattle jirgin sama awa biyu ne. Filin jirgin ma a wani tsibirin yake, Gravina, sai an shiga jirgin fito na 'yan mintuna a tsallaka. Gadar da aka so ginawa a wurin ita ce ta zama abin gori a siyasar Amurka a 2005, ana kiranta gadar da ba ta zuwa ko'ina, har aka watsar da ita. Akwai kuma jirgin ruwan gwamnatin jihar Alaska da yake tashi daga Bellingham, arewa da Seattle, tafiyar awa 38 ko kusa da haka. Idan kuna da lokaci shi na fi so, ko zuwa ko dawowa. Mutane har tanti suke kafawa a saman jirgin su kwana. Yana ratsa ruwan Kanada amma ba ya tsayawa a can kafin Ketchikan.

Wannan batu na Kanada ka riƙe shi da kyau. Manyan jiragen yawon buɗe ido da suke tashi daga Seattle kusan duk rajistar ƙasashen waje gare su, kuma wata dokar Amurka ta 1886 ta tilasta musu tsayawa a tashar wata ƙasa, don haka suke yada zango a Victoria ta Kanada. Mai fasfo ɗin Nijeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Kanada kafin a bar shi ya hau, ko da bai yi niyyar sauka ba. Ko ba don haka ba ma ban ba ka shawarar su ba. Sukan tsaya awa biyar zuwa takwas su wuce. A rana mai cunkoso baƙin da suke saukewa sun fi mutanen garin yawa, titunan bakin tasha su koma kasuwar sarƙa da riguna. Da yamma jiragen su ɗaga, gari ya koma hannun masu shi. Wanda ya kwana huɗu ko biyar shi yake ganin Ketchikan ta gaskiya. Ka kama masauki tun watanni kafin tafiya, don a kakar kifi ɗaki yana wuya kuma yana tsada.

Kallon kifi kyauta ne. Ka je Creek Street, layin gidajen katako da aka kafa a kan turaku bisa ruwa. Unguwar mata masu zaman kansu ce har 1954, yanzu shaguna ne. Daga gadar titin Stedman ka leƙa ƙasa za ka ga kifi sun yi cincirindo suna jiran cikowar teku ta ɗaga su. Ka bi 'yar hanyar katako da ta haura cikin itatuwa, wadda mutanen gari suke kira hanyar mai aure, sunan ya ishe ka bayani, za ta kai ka inda ruwa yake zubowa da ƙarfi. A nan aka gina wa kifi matakala ta siminti a gefe, wasu su bi ta, wasu su nace sai sun tsallake gangaren da ƙarfin tsiya. Ka duba jadawalin cikowa da janyewar teku kafin ka fita. Bambancin yakan wuce mita 4, wani lokaci ya kai 6, kuma kifi ya fi motsi idan ruwa yana cikowa.

Kama kifi da kanka da sandar fatsa kuwa halal ne a doka, da sharaɗi. Duk baƙon da ya kai shekara 16 sai ya sayi lasisi daga hukumar kifi da namun daji ta jihar Alaska. Akwai na kwana 1, 3, 7, 14 da na shekara, ana saye ta intanet ko a shagunan kayan su. Mai neman sarki sai ya ƙara sayen tambari na musamman a kai. Idan maiɗakinka za ta riƙe sanda ko na minti biyar ne, ita ma sai da nata. Kifin da ka kama da wannan lasisi ba a sayar da shi. Sannan irin sun da za ka gani a bidiyo, mutane tsaye cikin ruwa da ƙatuwar homa a bakin kogin Kenai a watan Yuli, na mazauna jihar ne kaɗai. Wata doka da take kama baƙi: a ruwan daɗi haramun ne ka fizgi kifi da ƙugiya ta ciki ko ta baya, sai wanda ya ciza da bakinsa. Rafin cikin gari ma yana da nasa ƙa'idoji daban da na teku.

Littafin doka da za a ba ka a shago bai isa ba. Hukumar tana fitar da umarnin gaggawa a tsakiyar kaka, ta rufe wani wuri yau, ta rage adadi gobe, ta buɗe wani jibi. Ka duba shafinta da safen ranar da za ka fita. Dalilin wannan shi ne aikin da na yi. Ana tare rafi da shinge a ƙidaya kifin da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, a manyan koguna a yi amfani da na'urar da take ƙidaya da amon sauti, wasu wuraren a leƙa daga ƙaramin jirgin sama. Kowane kogi mai muhimmanci yana da adadin da ake so ya tsira ya kai ga zuba ƙwai. Idan lissafi bai kai ba a rufe su, komai kukan masunta. Sun koyi wannan ne da wahala. Kafin Alaska ta zama jiha, kamfanonin gwangwani na Seattle da San Francisco sun dasa manyan tarkuna a hanyoyin kifi suna kwasa ba ƙaƙƙautawa, har kifi ya karye, a 1953 Shugaba Eisenhower ya ayyana wasu sassan Alaska a matsayin wuraren da bala'i ya afka wa. Ƙin jinin tarkunan nan na cikin abin da ya tura mutane neman jiha, kuma da aka same ta a 1959 aka haramta su. A 1973 aka ƙayyade yawan masu izinin su na kasuwanci, a 1990 aka hana kiwon kifi a keji cikin teku. Shi ya sa kada ka kuskura ka tambayi mai abinci a Ketchikan ko salmon ɗinsa na kiwo ne. Kamar ka tambayi Bafulatana ko nononta na gari ne.

Hanya mafi sauƙi ga sabon shiga ita ce hayar jirgi da mai shi, rabin yini ko yini guda. Irin waɗannan jiragen mutum shida suke ɗauka, mai jirgi ya kawo sanda da koto da komai, ya ja ƙugiyoyi a hankali bayan jirgi, kai naka ka jira sanda ta lanƙwasa. Rabin yini ya ishe ku a karon farko. Ana tashi daga tashoshin cikin gari ko daga Knudson Cove a arewa. Ruwan wajen yana da kariyar tsibirai, bai kai buɗaɗɗen teku hauka ba, amma ka sha maganin jiri tun kafin ka hau. Ni na raina shi a fitata ta farko, na ce ɗan da ya saba kwalekwale ba ya jin tsoron ruwa, na ƙare yini ina rungume da bokiti. Ana ba mai jirgi da yaronsa tukuici a ƙarshe, ka sa shi cikin lissafi. In kuɗi bai kai ba, ka yi hayar sanda ka je Mountain Point a kudancin gari ka jefa daga kan duwatsu, a Agusta pink yana zuwa har gaɓa.

Ka tuna mutanen garin aiki suke yi. Abin da mai jirgi zai ci shekara a cikin makonni kaɗan yake samunsa. Ka zaga tashar Thomas Basin ko Bar Harbor za ka ga jirage iri uku. Masu taru, waɗanda doka ta hana tsawonsu ya wuce ƙafa 58, suna ɗauke da ƙaramin jirgi a baya wanda yake jan bakin taru ya kewaye garken kifi, a tsuke ƙasan kamar bakin jaka. Masu raga mai kama kifi ta wuya. Sai masu dogayen sanduna biyu a miƙe sama, masu jan ƙugiya, su ne suke kawo kifi mafi tsada don ɗaya-ɗaya suke cirowa su gyara shi nan take. Ana barin mutane su taka gadojin tasha, amma ba a hawa jirgin mutum ko taɓa ragarsa ba da izini ba, kuma wanda ka gani yana ɗinkin raga ana gobe buɗe su ba shi da lokacin hira. Idan wani ya ce maka ana samun kuɗi a masana'antar gyaran kifi, gaskiya ne, ana tsayuwar awa 16 cikin sanyi da ƙarni. Sai dai bizar karatu ko ta ziyara ba ta ba ka wannan izinin ba, kada ka jefa karatunka cikin haɗari.

Ruwan sama kuwa, Ketchikan tana samun wajen milimita 3,800 a shekara, kusan ninki huɗu na Kano, kuma babu rani. Yuni da Yuli ne masu sauƙi, Oktoba ce uwar ruwa. Zafin rana a bazara bai cika wuce digiri 18 ba, a kan teku da asuba kuwa sanyi ne sosai. Lema ba ta da amfani a jirgi. Ku nemi rigar ruwa da wandonta na roba, da takalmin roba mai tsawo. Za ka ga kowa da wani takalmi ruwan ƙasa mai suna Xtratuf, daga masunci har ma'aikaciyar banki. A ciki ku sa ulu ko irin yadin 'yan wasanni, ku bar auduga da jins a masauki, don in sun jiƙe ba sa bushewa kuma suna zuƙe ɗumin jiki. Ga maiɗakinka, doguwar riga mai jan ƙasa tana wahalarwa a gadar tasha mai santsi. Wandon ruwa mai faɗi da rigar ruwa mai kaiwa gwiwa a kan hijabi sun suturta kuma sun fi aminci.

Beyar da ke tsibirin baƙaƙe ne. Wurin ganinsu mafi sauƙi shi ne Herring Cove, kilomita 13 kudu da gari, kusa da gidan ƙyanƙyasar kifi, da sassafe ko da yamma idan teku ta janye. Ka tsaya nesa, kada ka shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, kada ka gudu in kun yi kiciɓis, ka yi magana da ƙarfi kana ja da baya. In kana su beyar ta nufo ka da kifi a ƙugiya, yanke zaren ka bar mata.

Sai abin da littattafan yawon buɗe ido ba za su gaya maka ba. Alƙibla a Ketchikan arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas sai jiki ya ƙi yarda, amma duniya a dunƙule take, hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya ta bi. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe 4 na asuba ta faɗi wajen 9:30 na dare, kuma hasken shafaƙi ba ya gushewa sosai kafin alfijir ya keto, don haka manhajojin waya suke ba da lokutan Isha da Asuba masu saɓa wa juna. Zuwa tsakiyar Agusta dare ya dawo daidai, wannan ma wani dalili ne na zaɓina. Ka tambayi limaminku a Seattle yadda za ka yi da lokutan da kuma hukuncin matafiyi tun kafin ka tashi. Babban masallacin jihar yana Anchorage, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Abinci ba matsala tunda kifi ne, sai abu biyu: ƙullun da ake tsoma soyayyen kifi sau da yawa da giya ake dama shi, kuma miyar kifi mai kauri da madara takan zo da naman alade a ciki. Ka tambaya, ba sa jin haushi. Gasasshe da banda lafiya lau, bandar da suke yi da itacen alder ta cancanci kuɗinta.

Ku ware rabin yini don Saxman ko Totem Bight ko Totem Heritage Center, inda aka adana dogayen gumagumai sassaƙaƙƙu na ƙabilun Tlingit da Haida da Tsimshian. Ba gumakan bauta ba ne, tarihin dangi da alamar zuri'a ne aka sassaƙa. Tlingit suna da sansanin su a bakin wannan rafi tun kafin Amurka ta sayi Alaska daga Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, kuma a tsarinsu kowane rafi yana da dangin da yake da haƙƙinsa.

In Allah ya ba ku sa'a kun kama, mai jirgi zai haɗa ku da masu gyara. Za su feɗe, su cire ƙashi, su rufe a leda marar iska, su daskarar, su shirya a kwali mai kilo 23 wanda kamfanin jirgin sama yake karɓa kamar akwati. Abin da zai rage bayan gyara wajen rabin nauyin kifin ne, kada ka zaci an cuce ka. Ku sa ranar su a farkon zamanku, don kifi ya samu kwana ɗaya ko biyu ya daskare, kuma in iska ta hana fita ku samu ranar ramuwa. Kada ku ci shi ɗanye ba a daskarar ba, kifin daji yana ɗauke da tsutsa. Pink ku fara cinyewa, ba ya jure firiza kamar coho. Kuma a gaya wa uwargida salmon ba tarwaɗa ba ce da za a bari tana tafasa a miya: minti 10 zuwa 12 a wuta ya isa gunduwa mai kaurin yatsa biyu, gishiri da ɗan yajin ƙuli a kai, a sauke tun tsakiyar tana da danshi. Allah ya kai ku lafiya.